Tabon Ƙaho a Bayan Baba Tela

Shekara bakwai ke nan da Allah Ya karɓi ran Malam a ɗan gidanmu na haya da ke unguwar Glenwood, a garin Greensboro. Mutanen Greensboro da Baba Tela suka san shi, kuma haka zan bar shi a nan, domin sunansa na yanka bai taɓa fita daga bakina ba tun ranar da aka kai ni ɗakinsa a Maraɗi, ba kuma yau zai fara ba. Ni ban yi lakkol ba, wato makarantar boko, ko sunana aka rubuta aka ajiye a gabana ba zan gane shi ba. Faɗa nake yi ana rubutawa. Mai rubutun kuwa 'yata ce ta fari, wadda ita ma ba na kiran sunanta. Maman Sadiya nake ce mata. Na juya kujerata ina kallon taga, ita tana bayana da takarda. Na ce mata da masu karanta jarida nake magana, ba da ita ba, kuma duk abin da ta ji ta rubuta, kada ta tsayar da ni. Wanda ya san kunyar ɗan fari ya san dalili. Akwai maganar da uwa ba ta iya duban idon 'yar farinta ta faɗa, sai dai ta faɗa wa duniya, 'yar ta tsinta a hanya.

Ita da mijinta suka kawo mu ƙasar nan bayan mun tsufa. Sun so mu zauna da su a Pleasant Garden, amma Malam ya kwana biyu a can ya ce wurin da ba ka jin sallamar kowa daga safe har yamma ba wurin tela ba ne. Sai aka kama mana gida a Glenwood, inda mutum zai iya takawa da ƙafa ko ya hau bas. Ya kafa kekensa a falo, kusa da taga. Ba a yi wata uku ba shaddodin mutanenmu suka cika kujerun, har 'yan jami'a Turawa suna kawo wanduna a rage musu tsawo. Ba ya jin yarensu, su ba sa jin nasa, amma sai ka ji suna ta dariya. Idan ya dubi mutum sau ɗaya ya san awonsa. Igiyar awo ado ce kawai a wuyansa.

Ina so ku riƙe hali ɗaya nasa, domin a kansa duk maganata take. Malam ba ya gardama. Idan ka ce masa yau rana daga yamma ta fito, sai ya ce Allah mai iko, ya ci gaba da taka keke. Shekara arba'in da huɗu muna tare, ban taɓa ganin ya kafe a kan abu don kansa ba.

Ciwon ya fara da abin da bai yi kama da ciwo ba. Gajiya, da busasshen tari, da zazzaɓin yamma mai zuwa ya tafi. Daga baya ya kasa kwanciya rigingine. Sai ya zauna ya duƙa gaba, ya ɗora goshi a kan teburin keke, ya ce haka numfashi ke shigar masa. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmin masallaci ya ƙi shiga, jijiyoyin wuyansa suka tashi kamar igiyar guga. Maman Sadiya ta kai mu asibiti. Suka shafa masa wani abu mai sanyi a ƙirji, suka ɗora irin na'urar da ake duba mace mai ciki, likitan ya juyo mana da allon. Na ga wani abu yana motsi a tsakiyar baƙin ruwa, kamar kifi a ƙwarya. Aka ce zuciyar Malam ce.

Likitan, wani dogo mai sanyin murya, ya yi bayani ita tana fassara mana. Ya ce zuciya a cikin wata 'yar jaka mai laushi take, Allah Ya sa ɗan ruwa kaɗan a ciki don ta riƙa motsi ba gogayya. To na Malam ruwan ya cika jakar, ya matse zuciyar, ba ta samun wurin buɗewa. Ranar suka zuƙe shi da allura, ya kusa cika babbar kwalba, launinsa kamar zoɓon da aka sirka. Malam ya kwanta rigingine ya yi barci irin wanda ya daɗe bai yi ba. Suka auna ruwan, ba su gano abin da ke kawo shi ba. Bayan mako uku ya dawo.

A nan ne likitan ya zana mana abin da yake so ya yi. Huda uku tsakanin haƙarƙari, kowace ba ta wuce kan yatsa ba. Ta ɗaya za a zura siririn ƙarfe mai ido da fitila, ya nuna musu ciki a allo. Ta sauran biyun za a zura kayan aiki, a yanko ɗan ƙyalle daga jikin jakar, a bar 'yar taga da ruwan zai riƙa fita jiki ya shanye shi. Shi kuma ƙyallen a kai shi a bincika, a san ainihin cutar, a ba ta maganinta. Ya ce kwana biyu ko uku Malam zai koma gida. Malam ya dubi zanen ya yi murmushi, ya ce, "Ashe aljihu kawai za su buɗe min." Ya miƙa hannu ya karɓi takardar da zai sa wa hannu, sannan ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce bari ya kwana da ita ya shawarci uwargida. Haka ya saba. Ko zaren da zai saya sai ya tambaye ni.

Sai da Maman Sadiya ta sauke mu ta wuce aikinta, lokacin tana kula da wata tsohuwa a Irving Park, sannan na buɗe baki. Na ce wa Malam likitocin nan ƙarya suke yi. Na ce haka aka ce wa ƙanena Sale a Yamai, aka ce ɗan aiki ne kaɗan, aka dawo mana da shi an tsaga shi daga ƙirji har cibiya, an ɗinke kamar buhun gero, bai ƙara kwana uku ba. Ni na ga wannan ɗinkin da idona, kuma shekara ashirin bai bar idona ba. Na ce da zarar sun sa mutum barci, wa ya san iyakar wuƙarsu? Na ce na biyo shi ƙasar da ban san ko sunan gishiri ba, yanzu zai je ya kwanta a feɗe shi, ya bar ni da wa? Malam ya ce, "Ai ba irin na Sale ba ne, kin ga zanen." Na ce takarda ba ta jini. Na zare ta daga aljihunsa na tura ƙarƙashin zannuwana a akwati. Na yi kwana uku ban ci abinci ba, ina kuka a gabansa. Ran na huɗu ya ce, "To, a bar shi. Tashi ki ci."

Shi ya kira 'yarsa a waya ya ce ya fasa, shi ne bai so. Ta zo da kayan aikinta a jiki, ta durƙusa a gaban kekensa tana roƙonsa, da Hausa, da kuka, har da Turancin da ba ya ji. Ya ce mata abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni na sa masa wannan karin maganar a baki a daren da ya gabata, kuma da ya faɗe ta ƙasa yake kallo. Ni ina kicin ina juya miya, kamar maganar ba ta shafe ni ba. Da za ta tafi ta leƙo ta ce, "Inna, ki yi masa magana mana, ke yana jin taki." Na ce to.

Da a nan na tsaya, da wataƙila kunyata ba ta kai haka ba. Amma ni a kaina na riga na gama hisabi: tunda ruwa ne, ai ƙaho na jawo ruwa. Akwai wani wanzami mutumin Tasawa, Habu, yana aiki a wani babban sito, ranar Lahadi kuma yana askin suna da ƙaho, da 'yan kofunan roba maimakon ƙahon sa. Na aika aka kira shi. Ina so in wanke Habu a nan, domin ya bar garin nan da nauyin da ba nasa ba. Da ya dubi wuyan Malam da ƙafafunsa, bai ko buɗe zabirarsa ba. Ya ce, "Hajiya, ruwan nan ba ƙarƙashin fata yake ba. Ƙahona ba ya kaiwa can. Don Allah ku koma asibiti." Na ce, "Au, kai ma ka zama Bature? Ubanka ya yi wa ubana ƙaho, bai taɓa cewa a je asibiti ba." Na kunyata shi har ya zauna.

Wuri biyar ya kafa, uku a baya, biyu a ƙirji, kowane wuri tsaga bakwai ko takwas na reza. Baƙin jini ya taru a kofunan, na ɗauka na nuna wa Malam na ce ka gani, ga mugun ruwan nan yana fita. Ya ce ya gani. Sau uku na sa aka yi haka cikin mako shida, kullum bayan na tabbata Maman Sadiya tana aiki. Kullum na tambaye shi sai ya ce da sauƙi, alhali ko salla a zaune yake yi, tsakanin aya da aya yana hutawa. Ku ƙidaya da kanku. Na hana huda uku, na sa aka yi masa tsaga sama da ɗari. Rashin sani ya fi dare duhu, in ji mutane, amma nawa ba rashin sani ba ne kaɗai. An gaya min, likita ya gaya min, wanzami ma ya gaya min. Tsorona na fifita a kan numfashinsa.

Wata ranar Talata bayan azahar yana ƙarasa wuyan wata riga, na ji keken ya yi shiru, shirun da ba na canjin zare ba. Na same shi ya kife a kan teburin, leɓensa ya yi toka, gumi na zuba. Na fita titi ba mayafi. Allah Ya sa maƙwabciyarmu Mama Rifkatu, wata Kirista mutuniyar Filato, ta sauko daga bas ke nan. Ita ta kira motar asibiti, ita ta yafa min gyalenta, ta riƙe hannuna har muka isa tana cewa, "Hajiya, yi ta taki addu'ar, ni ma ina tawa."

A asibiti da almakashi suka yanke masa riga. Suka sake zuƙe ruwan da gaggawa har ya farfaɗo. Lokacin ne Maman Sadiya ta iso, kuma lokacin ne likitan nan dogo ya ɗaga zanen da aka rufe Malam da shi, ya nuna tabon, sabo da tsoho, jere a ƙirji da baya. Ya tambaya, ba da faɗa ba. Ita ba ta fassara ba. Ta ce, "Baba, mene ne wannan?" Malam ya janye abin numfashin daga bakinsa ya ce, "Ni na kira wanzami. Uwarki ta hana, na ƙi ji." Ta juyo gare ni ta ce, "Inna, haka ne?" Na sunkuyar da kai. Ban ce i ba, ban ce a'a ba. Wannan shirun shi ne ƙaryata, kuma yau shekararsa bakwai da wata huɗu.

Washegari aka yi aikin. Malam da kansa ya sa hannu, bai dube ni ba, ni ma ban ɗaga ido ba. Na zauna a ɗakin jira ina jiran a fito min da buhun gero irin na Sale. Aka fito da shi da 'yan filasta uku a gefen ƙirji da wata siririyar roba, wadda ita ma aka cire bayan kwana biyu. Tabon ƙahon da na sa aka yi ya fi su girma, ya fi su muni. Da aka buɗe filastan ya ce a ba shi madubi. Ya daɗe yana duban ɗinkin, sannan ya ce, "Yaron nan ya iya hannu. Ku ce masa in ya gaji da asibiti ya zo in ba shi wuyan riga." Likitan ya yi dariya har ya dafa gado.

Ƙyallen da suka yanko ya faɗi gaskiyar da ruwa ya ɓoye. Ƙwayar tibi ce ta shiga jakar zuciyar, ba huhu ba. Cuta ce mai magani, ƙwayoyi na watanni, kuma aka fara ba shi nan take. Amma likitan ya ce abin da ya gani da idon ƙarfen bai yi masa daɗi ba. Jakar ta yi kauri, ta fara bushewa kamar ƙirgi, tana kama zuciyar. Idan magani bai sassauta ta ba, sai an buɗe ƙirjin gaba ɗaya an ɓare ta, kuma wannan sai Malam ya yi ƙarfi. Wato babbar tsagar da nake gudu, ni na jawo ta da hannuna. Na guje wa gara na faɗa wa zago. Maman Sadiya ta tambayi likitan, da an yi tun farko fa? Ya ce ba wanda zai iya rantsewa, amma mako shidan nan ba su taimaka ba. Ta fassara min da busasshiyar murya. Ita a zatonta laifin ubanta take karanta min.

Ƙarfin bai zo ba. Ciki ya kumbura, ƙoda ta gaji, aka yi ta ɗaga ranar aikin. Wata safiya a gida, bayan ma'aikaciyar da ke kawo ƙwayoyi ta tsaya ya haɗiye ta tafi, na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa na ce yau zan gaya wa yarinyar nan gaskiya. Ya ce bai yarda ba. Na ce ga shi ta daina yi masa hira, gaisuwa kawai take yi ta duba magani ta fita, kuma ni na jawo. Ya ce, "Ni tafiya zan yi. Ke ce za ki zauna a hannunta, a ƙasar da ba ki da kowa sai ita. Gara ta yi fushi da kabari da ta yi fushi da ke. Kabari ba ya jin yunwa." Sannan ya ce in ba shi ruwa. Wata huɗu bayan aikin ya cika, ranar Juma'a da hantsi.

Na san ajali ba ya matsawa gaba ko baya, kuma ba na jayayya da hukuncin Ubangiji. Malamai sun gaya min, mata masu ta'aziyya sun gaya min. Amma ajali na Allah ne, sanadi kuwa akwai hannuna a ciki, kuma hannu za a tambaya.

Bayan takaba aka kwaso ni zuwa Pleasant Garden, inda nake har yau. An ba ni ɗaki mai taga biyu. Ba a taɓa yi min gori ba, ba a taɓa ci ba a ba ni ba. Kowace loma da na kai baki a gidan nan, na san da ƙaryar Malam aka saya min ita.

Wani lokaci ina zaune ina tunanin me zai ce da zai leƙo yau. Masallacin da yake salla a sahu uku yanzu ranar Juma'a har waje. Masaƙun da mutanenmu suka fara aiki a cikinsu da yawa sun rufe, kowa ya koma tuƙi da sito da kula da tsofaffi. Kaset ɗin da muke cikawa da murya mu ba matafiyi ya kai Maraɗi, yanzu ba mai yi; yara na riƙe da waya mai ɗaukar hoto a aljihu. Na san zai juya ta a hannu ya ce Allah mai iko. Jikokinsa in ka yi musu Hausa su amsa da Turanci, wannan ba zai dame shi ba, ai da 'yan jami'a ma ya yi abota ba yare. Abin da na tabbata zai ɓata masa rai shi ne ɗinkin da ake kawowa daga gida yanzu, wanda wuya ke kallon gabas aljihu na kallon arewa. Kekensa na gareji an rufe shi da bargo, rigar nan ta ranar Talata tana ƙarƙashin allura har yanzu, ba wanda ya cire.

Amma akwai abin da bai hango ba lokacin da ya hana ni magana. Bai san abin da zai faru da sunansa ba. Fushin 'yarsa bai tsaya a kabari ba, ya zama magana. In ɗanta ya ƙi shan magani sai ta ce kada ka yi min irin na kakanka. Na ji, na haɗiye. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, haka nake gaya wa kaina.

Sai a bazarar nan Alhaji Mamman mai tasi ya kwanta da irin wannan ruwan, aka ce masa huda uku, shi da matarsa Hajiya Zalika suka tsaya shawara. Muka je dubiya, falo cike da mutane. Maman Sadiya ta ce, "Alhaji, don girman Allah ka sa hannu. Kada ka yi taurin kai irin na Babana. Da ya ji magana, da yana nan." Wani dattijo ya gyaɗa kai ya ce, "Allah Ya jiƙan Baba Tela. Mutumin kirki, amma akwai kafiya." Falo duka aka ce amin. Ni ma na ce amin, da kofin shayi a hannuna. Mutumin da bai taɓa musu da ko ɗan koyo ba, shi ne ya zama abin misalin kafiya a Greensboro, a gabana, ni mai kafiyar ina zaune ana ce min sannu Hajiya. Na dubi Zalika a gefen ƙofa, na ga idonta, na gane shi, domin idona ne na wancan lokacin. Ba Alhaji ne ke tsoro ba, ita ce. Ita ya kamata a yi wa magana, kuma ni ya kamata in yi. Na shanye shayina muka tafi.

Alhaji Mamman ya sa hannu, an yi masa, ya koma kan tasinsa. Wani zai ce to ai ƙaryar ta yi amfani, a bar ta. Na auna wannan kwana da kwanaki. Amma gaskiyar ma za ta yi wannan amfanin, har ta fi, domin mazanmu ba su cika ƙin likita su kaɗai ba. Sau da yawa akwai wata a kicin tana juya miya. Ku 'yan'uwana mata, in aka zana muku huda uku a takarda, ku tambaya har ku gane, ku ce a nuna muku wanda aka yi wa, amma kada ku auna asibitin yau da gawar shekara ashirin. Kada kuma ku yi amfani da hawaye a kan mutumin da kuka san ba ya iya ganin hawayenku.

Na karya umarnin Malam yau, kuma shi ne na farko da na karya da sanina tun da ya tafi. Ya yi min sutura da sunansa, na sa ta shekara bakwai, ta ishe ni. Duk wanda ya taɓa cewa Baba Tela mai taurin kai ne, ya dawo da maganar wurina, ni ce mai ita. Abin da ya rage na mutumin nan ba keken gareji ba ne, ba kuma rigunan da har yau nake gane ɗinkinsa a jikin maza ranar Salla ba. Abin da ya rage shi ne, yana kwance numfashi na gagararsa, 'yar da ya fi so a duniya tana tsaye a kansa, ya zaɓi ta tsane shi don ni in sami wurin kwana. Ban san sunan wannan hali ba. Na dai san ban cancance shi ba.

Tun da muka wuce wurin ƙaho ban ji muryar Maman Sadiya ba. Alƙalami kawai nake ji yana tafiya a bayana, wani lokaci ya tsaya, ya daɗe, ya ci gaba. Ɗazu ya tsaya tsayawar da na zaci shi ke nan. Na ji ta tashi ta fita, na ji ƙofar gareji, na zauna ina kallon taga ina lissafin abin da zan iya sawa a akwati ɗaya. Ta daɗe. Da ta dawo ta ce in ƙarasa, ita za ta rubuta har ƙarshe, har da wannan. Sannan ta ce, "Inna, in mun gama ki ɗauko mayafinki. Gidan Alhaji Mamman za mu fara zuwa. A can na ɓata sunan Baba, a can zan gyara, kuma ke za ki faɗa da bakinki."

Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba tukuna. Amma Inna ta ce, kuma za mu ta ce.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya yalwata masa kabarinsa kamar yadda na ƙuntata masa numfashi, Ya rufa masa asiri ranar da ba mai rufa wa wani. Bari in juyo da kujerata.